Yawan megafiksel ba shi ne kyawun hoto ba

Yawancin masu sayen ƙaramar kyamara a karon farko adadin megafiksel suke fara dubawa a jikin kwali, a zatonsu mai 20 ta fi mai 12. Megafiksel yawan ɗigon hoto kawai yake nunawa (megafiksel ɗaya ɗigo miliyan ɗaya ne), kuma 12 sun isa a buga hoto tsaf a takardar A4. Abin dubawa shi ne girman sensa, wato ɓangaren da ke karɓar haske, domin idan aka cusa ɗigo miliyan 20 a ƙaramar sensa, kowanne haske kaɗan yake samu, sai hoton magariba ya fito kamar an yayyafa masa yashi. Sensar da ake kira mai inci 1 ta ninka ta yawancin kyamarori masu araha a girma kusan sau huɗu.