Karatun ɗan riƙo: wa doka ta ɗora wa nauyin, kuma me ta ce a biya?

Idan magidanci ya rasu ya bar yara, bayan an share makoki dangi kan zauna a raba riƙo. Baffa ya ɗauki babban, gwaggo ta tafi da macen, na goye ya bi uwarsa gidan iyayenta in ta fita takaba. A wannan zama ana maganar inda kowane yaro zai zauna, ana maganar gado, wani lokaci har da wanda zai yi wa yarinya kayan ɗaki in aure ya zo. Maganar makaranta ce ba kasafai ake tayarwa ba. Yaron da yake aji huɗu a unguwarsu sai ya koma wani gari, zango ɗaya ya wuce, na biyu ya bi, kafin a ankara ya zama ɗan tsaron shagon baffansa. Sau da yawa babu mugun nufi a ciki. Kowa dai ya ɗauka sa maraya a makaranta alheri ne da ake yi in hali ya yi, alhali a dokar Nijeriya wajibi ne, kuma an faɗi wanda yake kansa.

Dokar ita ce ta ilimin bai-ɗaya kyauta kuma dole, wadda aka fi sani da dokar UBE. Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin a Sakkwato a watan Satumba na 1999, ya zama doka a 2004. Sashe na 2 ya ɗora wa kowace gwamnati a ƙasar nan samar da ilimi kyauta ga duk yaron da shekarunsa suka kai na firamare da ƙaramar sakandare, wato shekara 9 a jere: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Wannan sashe dai ya ce dole iyaye su tabbatar yaro ya shiga kuma ya kammala. A lura da kammalawar. Rubuta sunan yaro a rajista kawai bai sauke nauyin ba.

Wajen da ya shafi maraya kai tsaye yana can ƙarshen dokar, a sashen fassarar kalmomi, inda mutane ba sa kaiwa. A can aka bayyana cewa kalmar iyaye ba ta tsaya a kan waɗanda suka haifi yaro ba, ta haɗa da waliyyinsa da duk wanda yaron yake hannunsa yana kula da shi. Ke nan ranar da gwaggo ta riƙo hannun 'yar ƙaninta ta kai ta gidanta, ranar nauyin karatun yarinyar ya hau kanta, daidai da na 'ya'yan da ta haifa. Haka kakar da jikoki suka dawo ɗakinta, haka mijin da aka kawo masa agola, in dai yaron a hannunsa yake ci yake kwana. Gidan da ake shirya 'ya'yan gida da safe su tafi makaranta a bar ɗan riƙo da wanke-wanke da ɗiban ruwa, an saɓa wa doka a gidan, ko da ana ciyar da yaron ana tufatar da shi.

Akwai hukunci. Wanda kotu ta samu da laifin hana yaro karatu, karon farko za a ja masa kunne. Karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata 1 ko duka biyun. In ya sake, tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata 2 ko duka biyun. Kotun majistare ce ke sauraren irin wannan shari'a. Kuɗin nan na zamanin 2004 ne, yau ba su razana kowa, kuma ni ban ga amfanin ɗaure tsohuwar da take fama da abin da jikokinta za su ci ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ɗaya hukuncin, na sashe na 3.

Sashe na 3 ya ce hidimomin makarantun firamare da ƙananan sakandare na gwamnati kyauta ne, kuma duk wanda ya karɓi kuɗi a kansu ya yi laifi: tarar da za ta iya kai naira 10,000, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyun. Wato hukuncin mai karɓar kuɗi ya fi na uban da ya ƙi kai yaro nauyi, kuma shi ba a ware masa jan kunne a karon farko ba. Dokar ta ma lissafa abin da take nufi da hidimomin: littattafai, kayan koyarwa, azuzuwa, kujeru da tebura, da abincin rana. Saboda haka in an koro maraya daga makarantar gwamnati don bai kawo kuɗin benci ko kuɗin alli ba, wanda ya koro shi ne ya taka doka. Na san yadda ake kai wa ga haka. Hedimasta yana ji yana gani rufin aji yana yoyo, babu abin da aka turo masa, sai ƙungiyar iyaye da malamai ta yanka wa kowane yaro wani abu. Iyayen da suke da hali su taimaka, babu laifi. Amma gudunmawa daban, sharaɗin shiga aji daban, kuma yaron da ba shi da mai biya masa shi ne farkon wanda irin wannan yankan ke mayarwa gida.

Me ya sa kayan ba sa isowa? Sashe na 11 ya ce gwamnatin tarayya za ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigarta ga wannan ilimi, ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, amma jiha ba za ta ɗauki rabonta na ayyuka ba sai ta ajiye nata rabin. Jihar da ba ta ajiye ba, kuɗinta na nan zaune a Abuja. Abincin ranar ma, a 2016 aka ƙaddamar da shirin ciyarwa na ƙasa, shi ma ga 'yan aji 1 zuwa 3 kawai.

Wani zai ce ai tsarin mulki ya sa maganar ilimi kyauta a babin da ba a kai gwamnati ƙara a kansa. Haka ne game da sashe na 18 na tsarin mulkin. Sai dai a watan Maris na 2017 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a John Tsoho, ta yanke cewa tunda an yi dokar UBE, ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta ya zama haƙƙin da ɗan ƙasa zai iya nema a kotu.

Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ƙara wa wannan ƙarfi. Ta hana a yi amfani da yaro wajen bara ko jan makaho, ta hana tura shi talla a manyan titunan gari da manyan hanyoyi, ta kuma hana duk wata hidimar da za ta hana shi zuwa makaranta da zama a cikinta. Ta hana a ba da yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsa. Marainiyar da aka kai birni da sunan riƙo, ana karɓar kuɗin aikinta duk wata, ta shiga cikin wannan. Ita wannan doka a Abuja take aiki kai tsaye, jihohi kuwa kowace sai ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018, Kano a 2023, kuma akwai bambance-bambance tsakanin jiha da jiha, musamman a hukunci. Wanda zai kai ƙara ya fara duba ta jiharsa.

Akwai abubuwan da dokar UBE ba ta ambata ba, kuma su ne a zahiri ke tsayar da maraya a gida: yunifom, takalmi, jaka, sabulun wanki, kuɗin mota in makarantar da nisa, audugar mata ga yarinyar da ta fara girma. A nan jama'ar unguwa ke shigowa, kuma dokar da kanta ta kira su, domin sashe na 2 ya ce masu ruwa da tsaki a harkar ilimi na ƙaramar hukuma su tabbatar duk mai riƙe da yaro ya sauke nauyinsa. Mai unguwa da liman sun san gidan da aka yi rasuwa, sun san inda aka kai yaran. Kwamitin masallaci ko ƙungiyar matan unguwa da ke tara wa marayu kayan salla, in ta ware wani kaso ta ɗinka yunifom a watan Satumba, amfaninsa zai kai shekara. In kuwa yaron yana da gado, a shari'ar Musulunci waliyyi yana iya yi masa hidima daga dukiyarsa gwargwadon buƙata, karatunsa kuma buƙata ne. Abin da aka hana shi ne waliyyin ya ci dukiyar da zalunci.

Wanda ya ga ɗan riƙo yana yawo lokacin makaranta, hanya mafi kusa ita ce ya sami mai riƙon cikin mutunci ya ji abin da ya hana. In kuɗin da makaranta ke nema ne, a je wa hedimasta tare da wani daga kwamitin kula da makaranta na al'umma, wanda ake kira SBMC, domin akwai iyaye da masu unguwanni a cikinsa. In ba a daidaita ba, sai ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, daga nan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. A rubuta koken a takarda, da sunan makarantar da ranar da aka koro yaron da adadin kuɗin da aka nema, a kuma ajiye kwafi ɗaya a gida.