Bambancin Halittu: Kalmar da Aka Mayar Sunan Dashen Itatuwa

Duk shekara idan 22 ga watan Mayu ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe domin bambancin halittu, gidajen rediyo da na talabijin sukan cika da wannan kalma, wasu su faɗe ta da Hausa, wasu kuma su bar ta da Turancinta su ce bayodaibasiti. Ranar takan zo daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa a ƙasar Hausa, saboda haka sai ta haɗu da bukukuwan ƙaddamar da dashen itatuwa, kuma a nan ne ruɗanin ya samo asali. Jami'i zai tsaya a gaban dubban dashe, dukkansu iri ɗaya, ya sanar cewa gwamnati ta ɗauki matakin kare bambancin halittu. Mai gabatar da shiri kuma, idan yana son ya nuna ya fahimci batun, sai ya kawo zancen giwayen Yankari, kamar dai abin ya tsaya ga manyan namun dajin da mafi yawan masu sauraro ba za su taɓa gani da idonsu ba.

Kalmar ba tsohuwa ba ce ko a Turanci. Wani masani Ba'amurke mai suna Walter Rosen ne ya taƙaita ta yayin shirya wani taron masana da aka yi a Washinton a 1986, sannan ta shiga harshen hukuma a 1992, lokacin da ƙasashe suka sanya hannu kan yarjejeniyar bambancin halittu a taron Rio de Janeiro. Yarjejeniyar ta ce bambancin yana da mataki uku: wanda ke cikin jinsi guda, wanda ke tsakanin jinsi da jinsi, da wanda ke tsakanin muhallan da halittun suke rayuwa a ciki. Matakin farko manomi ya fi kowa saninsa, domin kaura da farafara duk dawa ce, amma wanda ya shuka su ya san ba ɗabi'a ɗaya gare su ba, kuma ranar da aka daina ajiye irin ɗaya daga cikinsu an yi asara ko da rumbuna sun cika. Matakin ƙarshe kuwa shi ne bambancin da ke tsakanin fadama da jigawa da kurmi.

Abin da duk wannan yake nufi shi ne ana ƙirga iri ne, ba yawa ba. Itacen turare, wanda asalinsa daga Ostireliya yake, ko an dasa miliyan ɗaya a jere, iri ɗaya aka dasa. Dogonyaro, wanda aka kawo daga yankin Indiya, ya yi wa garuruwanmu hidimar inuwa da babu mai musunta, amma unguwar da babu komai sai shi ta yi kore ne kawai. Duk wanda ya san dausayin Haɗeja da Nguru ya san yadda ciyawar kacala ta mamaye hanyoyin ruwa, ta toshe wa masunta da manoma wuraren da suke cin abinci a da. Daga nesa wurin ya yi kore shar, amma iri ɗaya ne ya danne sauran. Ina ganin dalilin da ya sa hukumomi suka fi son lissafin dashe a bayyane yake: adadin dashe yana shiga rahoto cikin sauƙi, alhali sanin irin halittun da suke zaune a wuri yana buƙatar mutum ya zauna ya duba tsawon shekaru.

An sami wadda ta zauna ta duba, kuma ba a gandun daji ta yi ba, a lambun bayan gidanta ta yi. Jennifer Owen masaniyar dabbobi ce 'yar Ingila wadda ta zauna a Yuganda da Saliyo kafin ta koma gida ta zauna a unguwar Humberstone da ke birnin Lesta. Lambun nata bai wuce murabba'in mita 741 ba, yana da ciyawa da furanni da kayan miya da 'yan itatuwa, irin na kowane gida mai matsakaicin hali a can. Abin da ta bambanta da maƙwabta shi ne ba ta fesa maganin ƙwari, ba ta yawan saran rassa, kuma ba ta barin ƙasa tsirara. Daga 1972 zuwa 2001, wato shekara 30, ta riƙa rubuta duk halittar da ta shigo wurin. Ta kafa wani tarko na raga mai siffar tanti domin ƙwari masu tashi, ta binne ƙananan gwangwanaye a ƙasa domin masu rarrafe, ta kunna fitila da dare domin masu zuwa ga haske, kuma abin da ta kasa ganewa takan aika wa ƙwararru. Mafi yawan wannan aiki a lokacin zafinsu yake faɗowa, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da furanni suke buɗewa ƙwari suke fitowa, wanda a wajenmu damina ce ke matsayinsa.

Da ta rufe lissafi, ta sami jinsi 2,673 a wannan ɗan fili: tsirrai 474, ƙwari 1,997, wasu ƙananan halittu marasa ƙashin baya kamar gizo-gizo da dodon koɗi 138, sai masu ƙashin baya 64, waɗanda 54 daga cikinsu tsuntsaye ne. A cikin wani dangi na zanzaro kaɗai, masu saka ƙwai a jikin tsutsotsi, ta tara sama da jinsi 500, kuma 4 daga cikinsu kimiyya ba ta taɓa saninsu ba kafin su faɗa tarkonta. Wannan ma ba duka ba ne, domin akwai rukunan ƙwari da ba ta yi yunƙurin tantance su ba saboda yawansu. A lura da yadda adadin ya rabu. Tsuntsaye da dila da bushiya, wato baƙin da mai gida yake gani ya yi murna ya ɗauki hoto, ba su kai kashi 3 cikin 100 na jerin ba. Kusan kashi uku cikin huɗu ƙwari ne, irin waɗanda a gidajenmu da zarar an gan su ake aiken yaro ya sayo fiya-fiya. Duk bayanin bambancin halittu da ya fara da giwa ya ƙare da zaki ya tsallake mafi yawan abin da kalmar take magana a kai.

Ba sai an je Lesta ba kafin a ga yadda abin yake aiki. Duk gidan da ke da itacen lemun tsami a tsakar gida, idan aka duba sabon tohonsa a tsakiyar damina, za a iya ganin wani abu baƙi-baƙi da ratsin fari a kan ganye, wanda kallo ɗaya za a ɗauka kashin tsuntsu ne. Tsutsa ce, kuma wannan kama ita ce garkuwarta daga tsuntsaye. Bayan ta yi saɓa 'yan lokuta sai ta rikiɗe ta zama koriya, idan aka taɓa ta kuma ta fito da wani ƙaho mai reshe biyu daga bayan kanta, mai fitar da wari. Ita ce take zama babban malam-buɗe-littafin nan baƙi mai ɗigon rawaya da yake shawagi a kan furanni da hantsi. Shi kuwa ɗan'uwansa mai launin ruwan goro da baƙin gefe, a kan tumfafiya yake saka ƙwai, tsutsarsa ta ci ganyen ta tara dafinsa a jikinta, shi ya sa tsuntsaye suke ƙyale shi. Wanda ya share tumfafiyar bayan katanga don yana ganin ƙazanta ce, ya kori wannan baƙo ba tare da ya sani ba. Haka kabewa take da furen namiji daban da na mace daban, na macen yana da 'yar ƙaramar kabewa a gindinsa, suna buɗewa da asuba su rufe kafin rana ta take, kuma idan ƙudan zuma bai kai garin wannan zuwa wancan ba a cikin waɗannan 'yan sa'o'i, 'yar kabewar sai ta yi rawaya ta faɗi. Furen kuka da na ɗorawa da dare suke karɓar baƙinsu, jemagu ne. Kwaɗo da ƙadangare da ƙoƙi-ƙoƙi da mazari kuwa farauta ce ta kawo su, kuma sauro da tsutsar ganye suna cikin abincinsu.

Wannan dangantaka ce ake rasawa idan aka mayar da kalmar lissafin dashe. Gidajen da ake ginawa yanzu a sababbin unguwanni, an shimfiɗe tsakar gida da intalok daga ƙofa zuwa katanga, an jera tukwanen fulawa iri ɗaya an aske su daidai wa daida, ana fesa magani duk wata, masu su sukan ce suna son yanayi, amma babu abin da zai iya zama a wurin. Tsohon gida mai zogale da lalle da gwanda da kabewa tana hawa danga, da tulin tsohon taki a lungu, ya fi shi bambancin halittu nesa ba kusa ba, duk da cewa babu wanda zai kawo kyamara ya ɗauke shi ranar 22 ga Mayu. Ba ina cewa a bar sauro ya yi ƙwai a cikin randa ba, ko a bar duhuwar da maciji zai fake inda yara suke wasa. Amma tsakanin wannan da kashe duk abin da yake motsi akwai tazara mai yawa.

A Turai da Amurka akwai al'adar da ta bunƙasa a tsakanin masu lambu, ta ajiye littafin zane: mutum ya zauna a lambunsa da fensir da ɗan fenti, ya zana abin da ya gani, ya rubuta kwanan wata da lokaci da tsiron da ya same shi a kai, wani lokaci ya manna busasshen ganye ko fure a shafin. Da yawa suna yin sa ne don nishaɗi da ado, kuma babu laifi a hakan, sai dai tushensa aikin bincike ne. Maria Sibylla Merian, wadda aka haifa a birnin Frankfurt na Jamus a 1647, ta rayu a zamanin da mutane da yawa suke zaton ƙwari daga laka da ruɓa suke fitowa. Ta riƙa kiwon tsutsotsi tana ciyar da su, tana zana ƙwai da tsutsa da kwanson da take shiga da malam-buɗe-littafin da yake fitowa, duk a kan tsiron da suke ci, har da hudar da suka yi wa ganyen. A 1699, tana da shekara 52, ta tafi Surinam a Kudancin Amurka tare da 'yarta domin ta yi irin wannan aiki a can, kuma aka buga zanen a 1705. Abin da ya ba zanenta daraja a wajen masana shi ne ba ta raba ƙwaron da tsironsa ba. Shi ya sa idan na ga shafukan zanen lambu na zamani cike da furanni masu kyau, babu ganye ɗaya da aka ci, nakan ɗauka mai zanen ya gyara abin da ya gani ne. Ganyen da tsutsa ta huda shi ne shaidar cewa wani yana cin abinci a lambun.

Zane yana da wata fa'ida da hoton waya ba shi da ita, domin yana tilasta wa mutum ya ƙirga. Wanda zai zana ƙwaro dole ya duba fikafikansa biyu ne ko huɗu, kuma a nan zai gano cewa wani abin da yake kira ƙudan zuma ƙuda ne mai fikafikai biyu da ya ari launin zuma, ba ya harbi, kuma tsutsar wasu daga cikinsu tana cinye ƙananan ƙwarin da ke tsotse ganye. Irin waɗannan ƙudaje Owen ta tantance jinsinsu fiye da 90 a lambunta. Littafin rubutu na makaranta da fensir sun isa, kuma ba a buƙatar iya zane, muddin an rubuta rana: ranar da shamuwa ta fara sauka, ranar da marai ya fara saƙa a kan itacen ƙofar gida, daren da gina ta tashi bayan ruwan farko.

Amfanin kwanan watan yana fitowa ne bayan shekaru. A 2017 aka buga wani bincike da ya nuna cewa nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100 a cikin shekara 27, a wurare 63 da aka keɓe domin kare halittu a Jamus. Bayanan da aka yi amfani da su sun fito ne daga ƙungiyar masu nazarin ƙwari ta garin Krefeld, waɗanda akasarinsu masu sa kai ne, da suka riƙa kafa tarko iri ɗaya suna auna abin da ya kama tun 1989. Wuraren suna nan kore a tsawon wannan lokaci, itatuwansu suna tsaye, kuma da lissafin itatuwa aka yi da babu wanda zai lura da abin da ya faru. Don haka idan an sake gayyatar 'yan jarida wajen bikin dashe da sunan bambancin halittu, tambayoyin da suka dace su yi wa jami'in su ne iri nawa aka dasa, nawa ne na gida kamar gawo da kuka da tsamiya da ɗorawa, kuma wane ne aka ɗora wa alhakin dawowa bayan damina biyar ya rubuta abin da ya zo ya zauna a cikinsu.