Waiwaye: asalin dokokin shigo da ƴaƴan itace da kayan miya a Nijar

Duk wanda ya je kasuwar Katako a Yamai da sassafe, lokacin da ake sauke kaya, zai ga cewa rabin abin da ke cika teburan masu ƴaƴan itace ba a ƙasar nan aka nome shi ba. Abarba daga Benin take zuwa, ayaba daga Kwaddibuwa, mangwaro mai yawa daga Burkina Faso, lemu daga Najeriya da Maroko, dabino kuwa har daga Aljeriya. Idan damina ta sauka, tumatir na garaken bakin kogi ya ƙare, shi ma sai an tsallaka iyaka kafin a same shi. Kowane kwando daga cikin waɗannan, bisa doka, sai ya amsa tambaya uku kafin ya shigo: ko yana ɗauke da ƙwari da cututtukan shuka, ko akwai ragowar maganin feshi a jikinsa, da kuma nawa za a biya wa duwan. Tambayoyin ba tare aka haife su ba, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Wadda ta fi daɗewa ita ce ta ƙwari. A ƙarni na 19 wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ya zo daga Amurka ya cinye gonakin inabi na Faransa, abin da ya sa ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Bern a 1881 domin sa ido a kan tsiron da ke ƙetare iyaka. Daga wannan tushe ne aka samu yarjejeniyar duniya ta kare tsirrai, wadda aka amince da ita a Roma a 1951 ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, aka kuma sabunta ta a 1997. Ita ce ta tsayar da takardar shaidar lafiyar tsirrai, wadda ƙasar da kaya suka fito take bayarwa, ƙasar da za su shiga kuma take dubawa. Nijar ta kafa tata dokar a 1996, sannan ta maye gurbinta da doka mai lamba 2015-35 ta watan Mayun 2015, kuma aiwatar da ita yana hannun babban ofishin kare tsirrai na ma'aikatar noma, wato DGPV, wanda ke da ma'aikata a mashigai irin su Gaya da Birnin Ƙonni da filin jirgin Diori Hamani. Ma'aikacin yana da ikon buɗe kaya, ya tsare su, ya sa a yi masu magani, ya mai da su inda suka fito, ko ya sa a lalata su.

Ɗan kasuwar da kamyonsa ke tsaye cikin rana yana iya ganin wannan bincike a matsayin ɓata lokaci, amma manomi ya san abin da ake gudu. Ƙudan ƴaƴan itace na Asiya an fara ganin sa a Kenya a 2003, kuma kafin shekara biyu ya iso Afirka ta Yamma. Macen takan soki fatar mangwaro ta zuba ƙwai, hujin bai fi bakin allura ba, mangwaron ya yi kyau a ido har a kai shi kasuwa, sai an yanka a tarar da fararen tsutsotsi suna motsi a cikin naman da ya narke. Wanda ya saya ya jefar da shi a juji, tsutsar ta shige ƙasa ta zama ƙuda, kuma daga nan garkar maƙwabta ta samu baƙo. Haka tsutsar tumatir da masana ke kira Tuta absoluta ta yi: asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, ta bayyana a garaken kewayen Yamai a 2013, kuma a 2016 ta yi ɓarnar da ta sa jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Tana ɓuya a cikin ganye da ƙarƙashin hular tumatir, har ma a jikin kwandunan da aka juye, waɗanda ake mayarwa gona ba tare da kowa ya wanke su ba.

Tambaya ta biyu, ta ragowar maganin feshi, ta zo daga baya. Ƙasashen ƙungiyar yaƙi da fari a yankin Sahel, wato CILSS, sun kafa kwamitin haɗin gwiwa na tantance magungunan ƙwari a 1994, ƙungiyar UEMOA ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa kuma ta fitar da ƙa'idarta ta lafiyar tsirrai da dabbobi da abinci a 2007. A ganina nan ne doka ta fi rauni, domin tsutsa ana iya ganin ta da ido, guba kuwa sai ɗakin gwaji, kuma babu tumatir ɗin da zai jira sakamakon gwaji a zafin watan Afirilu.

Batun haraji shi ne ya fi sauƙi a takarda. Tun 1979 tsarin ciniki na ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, ya amince cewa amfanin gona da aka noma a wata ƙasa ta ƙungiyar ya shiga sauran ba tare da kuɗin fito ba, kuma daga Janairun 2015 aka fara aiki da harajin bai ɗaya mai matakai biyar, daga sifiri zuwa kashi 35 cikin 100, a kan kayan da suka zo daga wajen yankin, irin su tuffar Afirka ta Kudu. Nijar tana da dalilinta na riƙe wannan tsari da hannu biyu, tunda ita ma mai fitarwa ce: albasar Galmi ta jihar Tawa tana cika kasuwannin Gana da Kwaddibuwa, kuma wanda ya tsananta wa abarbar maƙwabci ya san cewa albasarsa na kan hanya. Sai dai direbobi sun daɗe suna cewa rashin kuɗin fito bai hana shingayen hanya ba, kuma mai kayan da ke ruɓewa ba ya doguwar gardama da mai shinge.

Abin da ya fi sauya kasuwar a ƴan shekarun nan ba ya cikin ko ɗaya daga waɗannan dokoki. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga watan, aka datse gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, wadda ita ce babbar ƙofar kayan da ke fitowa daga tashar Kwatano. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyaka da Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma hukumomin Yamai suka bar ɓangarensu na iyakar Benin a rufe bisa dalilin tsaro. Manyan kaya suka koma hanyar Lome, su bi ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, cikin ayarin da sojoji ke rakiya, kuma jiran haɗuwar ayari kaɗai ya isa ya nunar da ayaba. Abarba kuwa ta koma kwalekwale: a sauke ta daga mota a gaɓar Benin, a loda ta a jirgi, a sake ɗora ta a wata motar a gaɓar Gaya, kowane ɗauka da kuɗinsa, kowace faɗuwa da tabonta. Kayan da suka bi irin wannan hanya da wuya su biya ta teburin ma'aikacin DGPV, don haka rufe iyaka ya ƙara tsada, ya kuma rage binciken da dokar 2015 ta tanada.

Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, kuma a watan Maris na shekarar ƙawancen AES, wanda ƙasashen uku suka kafa, ya sanya harajinsa na kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga waje. CEDEAO ta ce za ta ci gaba da karɓar kayan ƙasashen uku bisa tsohon tsarin ciniki har zuwa wani lokaci. Nijar tana nan cikin UEMOA, wadda ta haɗa ta da Benin da Togo da Kwaddibuwa, amma Najeriya da Gana ba sa cikinta, kuma daga Najeriya lemu ke shigowa, zuwa Gana kuma albasar Galmi ke tafiya.