Gano ƙwayoyin bakteriya a aikin sa ido kan cututtuka

Gano ƙwayoyin bakteriya aiki ne da ake yi a lab don a tantance takamaimai wace ƙwaya ce ta jawo cutar da ta ɓulla a gari. Alamu kaɗai ba sa isa, ba kowane amai da gudawa ba ne kwalara, kuma sanƙarau ma ƙwayoyi daban-daban ne ke kawo shi.

A Najeriya abin yana farawa ne daga ƙasa. Kowace ƙaramar hukuma, 20 a Bauchi, 11 a Gombe, tana da jami'in sa ido da ake kira DSNO, shi ke karɓar rahoto daga asibitocin unguwa da na ƙauye, ya ga an ɗauki samfur an tura jiha, daga nan kuma zuwa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, mai babban ɗakin gwaji a Gaduwa, Abuja.

Hanya mafi tsufa ita ce a rina samfur a leƙa ta madubin likita. Rinin da Hans Christian Gram ɗan Denmak ya fito da shi a 1884 har yau ana aiki da shi, yana raba bakteriya gida biyu. Sai kolca, wato a shuka samfurin a faranti mai abincin ƙwayoyi a bar shi a ɗumi kwana ɗaya ko biyu. Misali ƙwayar kwalara, Vibrio cholerae, tana tsirowa ruwan ɗorawa a irin farantin da ake kira TCBS, amma aiki bai ƙare ba sai an duba ko jinsin O1 ce ko O139 don su biyun nan ne ke tada annoba. Akwai gwajin gaggawa na minti 15 da ake yi a sansanin masu jinya, yana ba da haske dai, amma tabbaci sai kolca ko PCR, wato gwajin da ke gano ƙwayar halittar bakteriyar. Amfanin kolca kuma shi ne daga ita ake gwada wane magani ne har yanzu yake kashe ƙwayar, wanne ne ta daina ji.

Inda aka fi samun cikas gaskiya ba a lab ba ne, a hanya ne. Samfurin bayan gida sai an sa shi cikin Cary-Blair, wani haɗi mai hana ƙwayar mutuwa a hanya, kafin a yi tafiya da shi, ƙwayar sanƙarau kuwa raguwa ce, zafi ya kashe ta, firiji ma ya kashe ta, ga shi mutanenmu kafin su zo asibiti sun riga sun bi ta kemis sun sha kafso na kwana uku, to in aka shuka irin wannan samfur sau da yawa ba abin da ke tsirowa alhali mutum na kwance da cutar. A annobar kwalarar 2021 da Bauchi ke cikin jihohin da suka fi shan wuya, mutum sama da 100,000 aka yi zargin sun kamu a ƙasar, kaɗan ne daga cikinsu aka tabbatar a lab.

Sanin jinsi shi ke faɗin rigakafin da za a kawo. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Najeriya a 2011 ta karya sanƙarau jinsin A, sai a 2017 jinsin C ya ɓarke a Zamfara da Sakkwato, gwaji ne ya nuna tsohuwar allurar ba ta ba da kariya daga shi. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV mai kariya daga A, C, W, Y da X.