Waiwaye: Maradin da ke cikin tsofaffin hotuna, da wadda gulbi ya tafi da ita

Duk bayan kwana biyu sai ka ga an turo wani tsohon hoto baƙi-da-fari a guruf ɗin WhatsApp an rubuta "Maradi a da", jama'a su yi ta tura Allah sarki da Allah ya jiƙan mazan jiya. To amma in ka tsaya ka duba da kyau, galibin hotunan nan ba tsohuwar Maradi ba ce, sabuwar ce tana jaririya. Ka duba titi, in ka gan shi miƙe sambal mai faɗi ga bedi an jera gefe da gefe, to wannan bayan 1945 ne, babu tantama.

Asalin garin a ƙasa yake, cikin fadama, bakin Gulbin Maradi. Kuma ba banza aka zauna nan ba. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi ta gudun hijira har Ɗan Kasawa ya zo ya kafa gadonsa a Maradi wajen 1819, shi ya sa har gobe sarkinmu Sarkin Katsina ake ce masa, abin da ke ɗaure wa baƙi kai kenan. Fadamar a lokacin kurmi ce mai duhu, doki ba ya ratsa ta da sauƙi, ga ruwa kusa ga ƙasar noma, wanda ke zaman yaƙi me zai nema da ya wuce haka. Gobirawa ma da suka kafa Tsibiri a 1836 bakin gulbin nan suka zaɓa. Daga nan ne sarakunan Maradi su Ɗan Baskore suka riƙa ɗaura yaƙi suna kai hari har ƙofar Katsina.

Wannan Maradin da ƙyar za ka samu hotonta. Lokacin na'urar hoto tana hannun Nasara, shi kuwa abin da ya dame shi yake ɗauka: sarki bisa doki da dogarai, bariki, kasuwa ranar da ta cika. Lungun unguwar Bagalam ko Mokoyo ko Limanci, matan da ke ɗaukar ruwa, masu tabar fadama, wa ya damu da su.

Sai damanar 1945 gulbi ya cika ya batse ya shiga gari. Gidajen ƙasa ne, ruwa na kwana a gindinsu sai su zube. Faransawa suka ce a hau tudu, aka yanka filaye da igiya, aka ba sarki wurin fadarsa da babban dandali a gabanta, unguwanni suka hau da sunayensu na da. Shi ya sa za ka ji ana cewa Ɗan Gulbi alhali unguwar tana bisa tudu.

Daga nan hotuna suka fara yawa, kuma kusan duk gyaɗa ce. Buhuna tsibi-tsibi, sikeli a rataye, ɗan dako ba riga ya saɓo buhu, gefe ga wani da alƙalami a kunne yana rubutu, a baya kuma kantin kamfanin Faransawa, CFAO ko SCOA, da rufin kwano. Wancan mai alƙalamin fa kar ka raina shi, da yawa daga alhazan Maradi da suka yi suna daga yaron kanti suka fara, suna karɓar kuɗin Nasara su shiga ƙauye sayen gyaɗa, a loda wa raƙuma da jakai, daga baya manyan motoci su bi ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Kano inda jirgin ƙasa yake. Bayan an samu mulkin kai a 1960 gwamnati ta kafa SONARA, kamfaninta na sayen gyaɗa, a 1962 ta karɓe cinikin, sai kuma farin 1973 da 1974 ya zo ya karya gyaɗar gaba ɗaya, alhazai suka juya ga atamfa da sigari da sauran kayan da ake tsallakawa da su Najeriya. Hotunan wannan zamanin kuwa na sitidiyo ne, mutum ya sha babbar riga ya riƙe rediyo ko ya dafa sabon babur, bayansa zanen Ka'aba ko jirgin sama.

Abin da ni ke ba ni mamaki shi ne yadda gulbin ya ɓace daga hotuna tun da aka hau tudu, kamar dai garin ya yi fushi da shi. Ko da yake shi ma ya canza. Tun da aka gina madatsar Jibiya a saman gulbin cikin Najeriya wajen farkon shekarun 1990 ruwan da ke isowa ya ragu, da rani yashi ne zalla amalanke na shiga ɗiba, kurmin nan duk ya zama gonaki da lambuna, zogale da tumatir da mangwaro. Garin da bai kai mutum dubu 50 ba a ƙidayar 1977 ya haura dubu 260 a ta 2012, kuma gabas da arewa ya yi ta miƙewa, unguwanni su Zariya da Ali Ɗan Sofo. Yanzu in an ɗauki hoton gulbi to da waya ne cikin Agusta, ranar da ya sake cika ya ci gonakin mutane.