Diyya da biyan ɓarna a hatsarin babur a Zariya

Diyya ita ce dukiyar da ake bai wa wanda aka raunata, ko magadan wanda ya rasa ransa, a sanadin aikin wani. A Zariya, inda acaɓa ta yaɗu tun wajen ƙarshen shekarun 1980, neman haƙƙi bayan hatsarin babur yana bin hanyoyi uku: fiƙihun Malikiyya, dokar ƙasa, da sulhu.

Asali a fiƙihu

Tun kafin zuwan babur, alƙalan Zazzau suna da hukuncin da ya shafi abin hawa. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda har gobe ake karanta ta a zaurukan cikin birni, ta ɗora lamuni, wato alhakin biya, a kan mahayin dabba da mai janta da mai korarta a kan duk abin da ta taka. A kan wannan ne malamai suka yi ƙiyasin direba da ɗan acaɓa.

Mutuwa a hatsari ana lissafa ta a kisan kuskure, muddin babu ganganci. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara, kaffarar kuwa a yau azumin wata biyu ne a jere. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa, shi ya sa kimarta da naira take tashi tare da farashin zinariya. Gaɓoɓi ma kowace da rabonta: hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Diyyar kisan kuskure ba a wuyan mai babur shi kaɗai take ba. Danginsa na wajen uba, wato aƙila, su ke haɗa ta cikin shekara uku. Wannan tsari ya tsare haƙƙin marayu ba tare da ya durƙusar da mutum ɗaya ba, kuma abin takaici ne yadda aka bar shi a cikin littafi.

Dokar ƙasa

Wanda aka buge yana iya kai ƙara kotu a kan sakaci, ya nemi kuɗin magani da asarar sana'a. Rahoton 'yan sanda da takardar asibiti su ne manyan hujjojinsa. Dokar da ta fara tilasta inshorar kare wanda aka buge ta 1945 ce. A Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta sa kuɗin wannan inshora na babur a naira 3,000 a shekara, da iyakar biyan ɓarnar dukiya naira miliyan ɗaya. Babura da yawa ba su da ita.

Malamai sun saɓa a kan halaccin inshora, da kuma ko za ta iya tsayawa a matsayin aƙila.

Yadda ake yi a yau

Mafi yawan hatsari, ko a Kwangila ne ko a hanyar Samaru, a sulhu yake ƙarewa. Shugabannin 'yan acaɓa da dangi da mai unguwa sukan zauna, mai babur ya ɗauki kuɗin asibitin Shika ko na mai ɗori, a rasuwa kuma iyali su ce sun yafe, ƙaddara ce. Yafiya halas ce kuma abin yabo, sai dai a fiƙihu babba ba shi da ikon yafe rabon maraya a cikin diyya.