Don Allah ku daina ɗora mai shanyewar ɓarin jiki a motar Arewa

Mutum biyu cikin mako guda, shi ya sa na kasa yin shiru. Na farkon wani dattijo ne mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, yana cikin lissafi da yaronsa bayan la'asar sai harshe ya sarƙe, baki ya karkace, kuɗin hannunsa na dama suka zube ƙasa bai ma sani ba. Aka shimfiɗa shi bayan rumfa, aka ce iska ce ta buge shi, aka yi tofi aka ɗura masa rubutu yana ta ƙwarewa, kafin isha'i an haɗa kuɗin mota wai gara a kai shi gida ko mutuwa ce ya mutu a gaban iyalinsa. Ni sai washegari yaron ya zo min da ragowar maganin hawan jinin Baba, kwalin ko rabi ba a sha ba.

Haba jama'a. Daga Legas zuwa Sakkwato fa, Ibadan, Ilorin, Jebba, Mokwa, Kontagora, kwana guda cur a hanya da mutumin da ko miyau ba ya iya haɗiyewa. Wannan ciwo da awa ake lissafinsa, in jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta toshe akwai allurar da ke narkar da gudan jinin amma sai cikin awa 4 da rabi na farko, in kuma fashewa ta yi maganin daban ne, kuma ba mai iya bambancewa da ido sai an yi hoton ƙwaƙwalwa na CT. Ga asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba a tsakiyar unguwar mutanenmu, ga asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja kusa da Agege, amma a wuce su a nufi tasha!

Na san ba mugunta ba ce wallahi, tsoron kuɗin asibiti ne da tsoron mutum ya cika a baƙon wuri, nima ɗan ci-rani ne kamar kowa. Addu'a kuwa ba wanda ya hana, a yi ta a cikin mota ana tafiya asibiti.

Akwai kuma wata ɓarnar da ba kwa gani. In za a ƙiyasta mutum nawa ake ba gado saboda wannan ciwo a ƙasa, littafin asibiti ake buɗewa a ƙirga a gwada da yawan jama'a, a ce kaza cikin dubu ɗari. To littafi wanda ya iso kaɗai ya sani. Baba mai albasa ba ya cikin lissafin Legas, in rai ya yi halinsa a gadar Jebba ba zai shiga na Sakkwato ba, sai adadi ya fito ɗan ƙarami a ga kamar ciwon bai dame mu ba, da wace hujja za mu nemi ƙarin gado da na'ura? Alhali ƙungiyar yaƙi da cutar ta duniya cewa ta yi mutum 1 cikin 4 na waɗanda suka haura shekara 25 zai gamu da ita a rayuwarsa, binciken SIREN da aka yi a Najeriya da Ghana kuma ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo ta a wajenmu.

In kun ga baki ya karkace, ko hannu ko ƙafa sun saki, ko magana ta rikice: ku duba agogo ku riƙe lokacin, kwantar da shi ta gefe, ba ruwa ba koko ba rubutu, kar a sayo asfirin a kemis, a kira lambar gaggawa ta Legas, 112 ko 767, in goslo ya hana a tari Keke. Asibiti, ba tasha ba. Ko ya warware bayan minti goma a je, gargaɗi ne.

Na biyun mai gadi ne, matar maigidansa ce ta jefa shi a mota zuwa asibiti nan take, yanzu haka yana kan gado har ya fara motsa yatsu. Jiya 'yan'uwansa suka tare ni a bakin ƙofa, wai Malam yaushe za a sallame shi, akwai motar da za ta tashi ranar Asabar.